Ƙafar da Ta Riga Mamu Zuwa Duniya

Mamu Fateh Sher, ƙanin mahaifiyata, ta ƙafa ya zo duniya. Ammi, wato mahaifiyar tawa, tana yarinya a lokacin, ita ta riƙe wa ungozoma kwanon ruwan zafi. Ta ce ƙafar hagu ce ta fara leƙowa, shuɗiya, sanyi ƙalau, ta jima a waje ita kaɗai kafin sauran jikin ya biyo ta. A ƙauyukanmu na bakin kogin Chenab kowa ya san abin da wannan ke nufi. Wanda aka haifa ta ƙafa, ƙafarsa maganin ciwon baya ce.

Tun bai iya ɗaura zanen ƙugunsa ba ake saɓa shi a kafaɗa, a kai shi ya taka bayan manya. Ya girma manomin rake da alkama, mai ɓaunar gida biyu, irin da ake tatsa, ba malami ba, ba boka ba. Amma da wuya gari ya waye ba mutum a ƙofar gidansa. Mai ciwon zai durƙusa a bakin ƙofa ya juya masa baya, ba gaisuwa, ba magana. Mamu ya tuɓe takalmi, ya ɗora tafin ƙafar hagu a ƙugun mutumin, ya ɗan tura. Mutumin ya tashi ya tafi ba waiwaye. Ba ya karɓar komai. Wanda ya matsa sai ya ajiye curin mazarƙwaila a kan katanga.

Dost Muhammad mai shayi, abokinsa tun suna yara, ba ya gajiya da tsokanarsa.

"Kai kaɗai ne a lardin nan kake shurin mutane suna yi maka godiya. Jakina sau ɗaya ya gwada, har yau ba a yafe masa ba."

"Ai jakinka ta kai ya fito," in ji Mamu, "kamar ubangidansa."

Bara na dawo daga Faisalabad da digirina na aikin gona, ina zaman jiran aiki. Ana tsakiyar saran rake Mamu ya sunkuya ya ɗauki dami, ya juya da shi, sai ya tsaya cak. Washegari ciwon ya sauko daga ƙugunsa ya bi ɗuwawu, ya bi bayan cinyar hagu, har diddige. Ya ce kamar an zura masa waya mai zafi ana ja. Zama ya gagara. In ya yi tari sai ya dafa bango. Ya koma tafiya a karkace kamar mai ɗauke da tulu a gefe guda.

Ni na kai shi wurin likita a gari. Likitan ya sa shi ya kwanta, ya ɗaga ƙafar a miƙe, ba ta yi nisa ba Mamu ya ambaci Allah da ƙarfi. Likitan ya ce mana ciwon ba a ƙafar yake ba. Akwai babbar jijiya da ta taso daga ƙasan baya ta gangara har tafin ƙafa, kuma guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya bulluƙo ya danne ta. Ya ce galibi yana lafawa da kansa cikin 'yan makonni, in an sha maganin rage zafi, ana gasa wurin da ɗumi, ana ɗan tattaki maimakon a lafe a gado. In ya ƙi, akwai motsa jiki da ake koyarwa, akwai allurar baya, aiki da wuƙa shi ne na ƙarshe. Sannan ya dube ni.

"Amma in ƙafar ta fara mutuwa, ko ya daina jin tsakanin cinyoyinsa, ko fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba, kada ku jira gobe."

A hanyar gida Mamu ya kwanta a gicciye a bayan babur mai ƙafa uku yana cije leɓe.

"Likitanka yana da kirki, puttar," ya ce, wato ɗa, don haka yake kirana tun ina ƙarami. "Amma bai san labarin ba. Tun ina tsumma nake kwasar ciwon mutane. Duk wanda na taka ina jin abin yana shigowa ta tafin ƙafata, kamar tafiyar tururuwa. Ina kake zato yake zuwa? Buhu ne ya cika."

Ƙauyen ma haka ya ɗauka. Matarsa, Mami Naziran, ta shafa masa man mustad da tafarnuwa, ta gasa shi da bulo mai zafi. Wanzami ya yi masa ƙaho. Aka ɗaura masa baƙin zare a babban yatsa. Daga ƙarshe dattawa suka ce mai taka mutane sai irinsa zai taka shi. Aka nemo wata tsohuwa daga hayin kogi wadda ita ma ta ƙafa ta fito. Mamu ya durƙusa a bakin ƙofarsa, inda bai taɓa durƙusawa ba, ta ɗora masa ƙafa, ta tafi ba ta ce uffan ba.

Ba a yi mako ba ciwon ya ɗauke.

Aka dafa shinkafa mai zaƙi aka raba gida-gida. Mamu ya fito rumfar shayi yana dariya, Dost Muhammad yana cewa, "Ashe tsohuwa ta fi ka iya shuri!" Ni ma na yi murna.

Bayan 'yan kwanaki, da tsakar rana na biyo hanyar gona, ba kowa a waje saboda zafi. Sai na ga takalmi ƙafa ɗaya a tsakiyar hanya, yana fuskantar gida. Na san shi, na Mamu ne. Gabansa kuma sawu ne a ƙasa: sawun takalmin dama sarai, amma a gefen hagu babu sawu, sai dogon layi, kamar ana jan wani abu. Na ɗauki takalmin na bi layin har tsakar gidan Mamu.

Yana tsaye yana hura tukunyar tabarsa. Na ji ƙauri, irin na babbakar kan akuya. Na duba murhu, babu komai a kai. Garwashi ne ya faɗo daga tukunyar, kuma gefen ƙafarsa ta hagu yana kansa.

"Mamu, ɗaga ƙafarka!"

Ya duba ƙasa, ya dube ni, ya yi murmushi. "Ka gani ko? Ko wuta ba ta cin ta yanzu."

Mami ta ja ni bayan rumbu. Ta nuna mini igiyar shanya, zannuwan ƙugunsa jere a kai. Ta ce kwana biyu ke nan tana wankewa, shi bai ma san yana zuba ba, kuma ya rantse in ta faɗa wa wani zai mayar da ita gidansu.

Na koma na tuna wa Mamu abin da likita ya ce. Ya ce ƙafar ba tasa ba ce shi kaɗai, ta gari ce, in wuƙa ta taɓa bayansa baiwar za ta gudu. Na yi ta magiya. Da na ga ba ya jina sai na ruga na kira Ammi.

Ta shigo ko mayafi ba ta gyara ba.

"Fateh Sher, ɗaga mini babban yatsan nan."

"Apa, yayata, na warke fa. Har shinkafa kin ci."

"Ɗaga na gani."

Ya zuba wa yatsan ido. Mu duka muka zuba masa ido. Jijiyar wuyansa ta tashi, zufa ta keto masa. Yatsan da baƙin zarensa bai ko motsa ba.

"Ni na ga ƙafar nan kafin uwarmu ta ga fuskarka," in ji Ammi a hankali. "Haka take a ranar. Tashi mu tafi."

A ranar aka yi masa aiki a babban asibiti. Fitsarin ya daidaita bayan watanni. Ƙafar ba ta dawo ba. Likitan ya ce ɗaukewar ciwon nan ba waraka ba ce, jijiyar ce ta daina kai saƙo, kuma da an zo tun ranar da ƙafar ta fara mutuwa, wataƙila da an ceto ta.

Na zaci shi ke nan, ƙofar gidan za ta huta. Sai ga mutane sun fi na da yawa, har daga wasu larduna. Labari ya bazu cewa ƙafar ta riga shi zuwa duniya, yanzu kuma ta riga shi zuwa lahira, don haka ta fi ƙarfi. Mamu yana zaune a gadon igiya a bakin ƙofa, ba ya iya ɗaga ta. Sai wani ya ɗaga masa.

Watan jiya na je gaishe shi da safe, na tarar da wani mai ɗaukar bulo a durƙushe, Mami kuma tana tatsar ɓauna. Mamu ya yi mini alama da kai. Na kama ƙafar da hannu biyu. Tana da nauyi, kuma da sanyi, duk da rana ta fito. Na ɗora ta a ƙugun mutumin.

"Ta taɓa shi?" Mamu ya tambaye ni a kunne.

"Ta taɓa."

Mutumin ya miƙe sambal, ya tafi bai waiwaya ba. Mamu ya bi shi da kallo har ya sha kwana.

"Da ina jin yana shigowa," ya ce. "Yanzu ban san inda yake zuwa ba."

Sai ya dubi hannuwana, da har lokacin suke riƙe da ƙafar.

Na san abin da likita ya ce, guringuntsi ne da jijiya, na kuma yarda. Amma tun ranar, kullum da safe kafin na taka ƙasa, sai na yaye bargo na ɗaga babban yatsana na hagu, na ga ya motsa.