Anti Sikira Mai Tambayar Suna

Duk wanda ya zauna Fagge ya san ba a wuce Anti Sikira da gaisuwa kawai. Kana cewa "Ina kwana," za ta cafke hannun rigarka: "Yaya sunanka? Ɗan gidan wa?" Mai nama, mai shara, mai adaidaita, ba wanda ya tsira. Ɗan sandan da ya taɓa tsayar da mu a Titin Ibrahim Taiwo sai da ya faɗi sunan kakarsa kafin ya tuna lasisi ya zo tambaya. Kuma in ta ji sau ɗaya, ya zauna ke nan.

Iyayenta daga Ogbomosho suka zo, amma a Fagge aka yanke mata cibiya. Ta yi shekaru tana koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a wata kwaleji. Mu maƙwabta kuwa gani muke gulma ce kawai aka ba ta digiri.

Sau ɗaya na raka ta cefane kasuwar Sabon Gari, wallahi ban sake ba! Tun hantsi har azahar, tumatir kaɗai muka saya.

"Anti, miyar fa?"

"Miya ba ta gudu, Binta. Wancan mai albasar ban san shi ba."

"To ina ruwanki da shi?"

"Ran da ya ɗauki dutse zai zama ruwana."

A hanya ta yi mini karatu. Ta ce mutum in ya shiga taro mantawa yake da ko shi wane ne, ya aikata abin da ko a mafarki ba zai yi shi kaɗai ba. In ka kira sunansa, kunyarsa za ta dawo. Ni dai tsaki na yi, ƙafata na ciwo. Ashe gidanmu ne zai fara cin moriyar abin.

Kun san Nasiru ƙanena. Tun yana saurayi yake fama da ciwon ƙwaƙwalwa. In ya motsa masa, sai ya riƙa ɗaukar kayan mutane daga wannan rumfa yana kai wa waccan, wai a can suka fi dacewa. Mai irin wannan hali a kasuwa, ihun "ɓarawo" ɗaya ya isa a kawo mana gawarsa. Da tsoron nan nake kwana, da shi nake tashi. Dangi suka ce a sa masa mari a kulle. Anti ta shigo ko sallama ba ta gama ba.

"A ɗaure shi? Ragon layya ne?"

Ita ta kai shi asibiti aka ɗora shi kan magani. Sannan ta sa masa babbar rigar marigayi mijinta, ta riƙa zagayawa da shi Bata, bakin kasuwar Sabon Gari, rumfa-rumfa kamar mai neman kansila.

"Wannan Nasiru ne, ɗan Inna Hajara. Ba shi da lafiya, yana shan magani. Maimaita."

"Haba Anti, ina da kwastoma."

"Kwastoman ma ya maimaita."

Ranar da nake tsoro kuwa ta zo. Nasiru ya ɗauki turmin atamfa, aka yi ihu. Na isa Bata ba takalmi, na tarar an yi masa zobe, jini a goshinsa. Anti ta riga ni, da gwiwarta mai ciwo. Ba ta roƙi kowa ba, ba ta yi wa'azi ba.

"Sabi'u! Sabi'u na Hajiya Ladi! Yaya ƙafar mahaifiyarka?"

Sabi'u, gora a sama, ya ce, "Da sauƙi, Anti."

"Chinedu, matarka ta sauka?"

"Namiji ne, Anti."

"To ajiye bulon mu yi barka mana!"

Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa ɓoye abin da ke hannunsu a baya. Muna dawowa ina kuka, ita kuwa mita take: "Akwai wani mai jar hula, ban san shi ba. Gobe za mu koma."

Daga baya tsufa ya kawo mata ciwon mantuwa. Duk ciwon da ke duniya, sai wannan ya same ta! Sunayen suka riƙa zubewa, na 'yan kasuwa, na ɗalibanta, na 'ya'yanta. Ran da ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, 'yar gidan wa?" na fita zaure na yi kuka mai isata. Nasiru kaɗai abin bai dama ba. Kullum da safe zai durƙusa ya ce, "Nasiru ne, ɗan Inna Hajara, ina shan magani." Ta ce, "Madalla." Haka suka yi har ta rasu.

Bata ta cika da sababbin fuskoki yanzu, ni kuma kaina ba ya riƙe suna. Watan jiya aka sake yi wa Nasiru ihu. Na kutsa, na duba hagu da dama, ban san sunan kowa ba. Nasiru na ƙasa, an riga an cire masa haƙori. Sai ya ɗago, ya kama ƙafar wandon wanda ke riƙe da dutse.

"Yaya sunanka? Ɗan gidan wa?"

Mutumin ya dube shi, ya ce, "Auwalu."

"Maimaita."

Dutsen ya faɗi ƙasa. Na samu ƙanena da rai, amma ban san ko gobe za a amsa masa ba.

Allah Ka jiƙan Sikira 'yar Alhaji Rasaki, Ka sa ta huta. Ta kira bayinKa da sunansu a ranar da suka manta kansu. Ranar babban taro, Ya Allah, Ka sa a kira nata cikin masu rahama. Amin.