Kwat ɗin Yallaɓai

Duk layin Yallaɓai suke kiransa, alhali wanki da guga ne sana'arsa. Shagonsa wani ɗan lungu ne tsakanin mai aski da mai gyaran rediyo: tebur guda, dutsen guga na gawayi, igiyar shanya, sai tulin kayan mutane. Sunan kuwa ɗabi'arsa ce ta jawo masa. In ya goge riga ta burge shi, sai ta raka shi unguwa kafin ta koma wurin mai ita. Wai gwaji yake yi, ya ga ko karin gugar zai tsaya. Shekara da shekaru ba a taɓa ganinsa a yamutse ba, kuma ko aljihu ya bushe ƙayau, ba ka jin babu a bakinsa.

Autarsa ce ta karya wannan taƙama. Ciwon asma gare ta; in ciwon ya tashi, ƙirjinta sai ka ce ana busa usur. Maganin shaƙa ya fi ƙarfinsa. Matarsa ta jiyo a asibiti cewa akwai inshorar lafiya mai rangwame ta yaran masu ƙaramin ƙarfi.

"Ni zan bi layin masu ƙaramin ƙarfi?" in ji shi.

"A'a, na masu jirgin sama za ka bi. Baban Auta, jiya a zaune yarinyar nan ta yi barci."

Da safe ya shirya. Hannu ya riga ya saba, sai ya kai kan kwat ɗin wani lauya, ruwan toka, mai sheƙi.

"Taimako za ka nema, ko lambar yabo za a ba ka?" matarsa ta tambaya. Ya zura kwat ɗin ya fice.

Ofishin cike yake da mata da goyo, fanka na ta gurnani ba iska. Yana shiga aka yi ta matsa masa a benci, an zaci darakta ne. Ya ji daɗi, har ya ɗaga hannu. Sai ya hango matar mai aski a bayansa, ya yi maza ya sauke hannun.

Ma'aikaciyar ta karɓi takardar haihuwar Auta da hotonta, komai ya cika. Sannan ta dubi kwat ɗin tun daga kafaɗa har ƙasa.

"Ranka ya daɗe, wannan shirin fa na marasa ƙarfi ne. Irin naku yana ofishin sama. Kada ka tare wa mabuƙaci gurbi."

Wallahi har ya miƙe zai yi godiya ya tafi da girmansa. Sai usur ɗin nan ya busa a kunnensa. Ya koma ya zauna.

"Wanki nake yi," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Me ka ce?"

"Wanki da guga!"

Ta yi murmushi. "Duk wanda ya zo nan talaka ne, har mai mota."

Ya juyo wuyan kwat ɗin ya nuna mata. "Ba nawa ba ne. Kin ga jan zaren nan? Alamar da nake sa wa kayan mai shi ce."

Sai muryar matar mai aski: "Ashe! Shi ya sa rigar maigidana ke dawowa da ƙamshin turaren da ba mu saya ba!"

Aka kwashe da dariya. Ma'aikaciyar dai ba ta yi ba. Hannayensa ta duba, duk sabulu ya cinye, ga tabon gawayi. Ta buga hatimi, ta ce a kawo yarinyar likita ya gan ta.

A bakin ƙofa ya tuɓe kwat ɗin ya rataya a hannu, ya tako gida cikin tsohuwar rigarsa mai huji a hammata. Labari ya riga shi isowa. Mai aski da mai gyaran rediyo sun kwashe kayansu daga igiya, a jiƙe. Matarsa, da ba ta raina abin tsokana, ta miƙa masa ruwa ba ta ce uffan ba. Wannan ya fi dariyar ciwo.

Auta ta samu katinta, yanzu a kwance take barci. Layin har yau Yallaɓai suke kiransa, sai dai ya daina ɗaga hannu. Yana amsawa kansa a sunkuye kan dutsen guga.