Ɗinkin Baba Bulus

A layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi kowa ya san Baba Bulus, tsohon ma'aikacin jinya na sojan ruwa. Ɗan Kagoro ne, bai taɓa ganin teku ba sai da ya shiga aiki. Makonsa na farko a jirgi, shi da aka ɗauka don ya yi jinyar mutane, shi aka yi jinya. Amai ya yi ta sheƙawa har kukun jirgi ya riƙa dafa masa citta. Daga baya ya saba. Shekara talatin ya yi yana fama da masu zazzaɓin cizon sauro da waɗanda suka ƙone a ɗakin inji, kafin ya yi ritaya ya zauna a Kano.

Wata Laraba ya tare adaidaita zai je Tarauni. Direban ya ɗaga hannu zai gyara madubi, hannun rigarsa ya zame, sai ga wani dogon tabo a karkace.

"Malam, wa ya yi maka wannan ɗinkin?"

"Wani mugun tela ne, Baba, a jirgin soja, lokacin yaƙin Laberiya. Igiyar ƙarfe ce ta tsinke ta tsarge ni."

"Mugun tela? Ruwa yana jifa da mu, allurar kashe zafi ta ƙare, ina ɗinki kana zagina, Zakariyya!"

Direban ya taka birki ya waiwayo. "Oga Bulus!"

Suka rungume juna a bakin titi, ana ta danna musu hon. Zakariyya ya motsa yatsunsa biyar a gaban idon Baba Bulus. "Duba, duk suna aiki. Likita a Legas ya ce da ka yi jinkiri da yanke hannun za a yi."

Ba a je Tarauni ba ranar. Unguwar Gano Zakariyya ya wuce da shi, matarsa Binta ta turara dambu, maƙwabta suka cika zaure. Zakariyya ya rantse ɗinki arba'in aka yi masa, Baba Bulus ya ce sha tara ne, aka yi ta musu ana dariya.

Da la'asar Kande, matar Baba Bulus, ta kira shi a waya tana cigiya.

"Ina lafiya lau," ya ce. "Ki nemo babbar tukunya. Ranar Lahadi muna da baƙi, mutum tara."