Malam Badamasi Gwaram da Wutar Tsofaffin Babura

Ana gargaɗin duk wanda marigayi ya sauya wa wutar babur cewa akwai matsala tana tafe, kuma bayaninta na cikin wannan tarihi.

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Badamasi a shekarar 1957 a garin Gwaram. Mahaifinsa Malam Ashiru manomi ne, sunan mahaifiyarsa Hapsatu. Bayan ya sauke Alƙur'ani kuma ya kammala firamare a 1971, aka kai shi Birnin Kudu koyon gyaran babur, a zamanin da kontak ne ke ba filogi wuta, kuma sai an yi ta goge shi ana saitawa kafin injin ya tashi.

Aure da sana'a

Ya auri Kubra a 1980, ya buɗe garejinsa a bakin kasuwar Gwaram a wannan shekarar. Da kontak ya fara wuyar samu, masu tsofaffin babura suka jingine su a zaure. A 2009 ya cire kontak ɗin babur ɗinsa, ya ɗaura masa na'urar sidi'ai, wadda ke yin aikin kontak amma tana shan wuta daga batir. Ranar kasuwa ya tayar da shi da bugu ɗaya a gaban jama'a, har 'yan acaɓa suka bar fasinja suka kewaye shi suna tafi. Daga Yalwan Damai da Unguwar Ya aka riƙa turo masa baburan da kaji suka daɗe suna ƙwai a ƙarƙashinsu, suna komawa gida da ƙafarsu.

Ƙarshen rayuwa

Daga baya al'adar cajin waya a jikin babur ta bazu a ƙauyuka, inda ba a iya hana maƙwabci. Tsohon koyil, wato naɗin wayar cikin inji da ke cajin batir, ba ya samar da wutar da za ta ɗauki fitila da sidi'ai da wayoyin unguwa, kuma da zarar batir ya yi sanyi injin sai ya mutu ko a tsakiyar hanya. Ya sha faɗa wa masu zuwa cewa, “Alhaji, babur na gyara maka, ban ce janareta ba ne.” A 2023 ya fara sake naɗa koyil da waya mai kauri, ya soma da nasa, sai dai bai faɗa wa kowa ko ya gama ya saka shi a injin ba.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa a watan Sha'aban na 2024, aka binne shi a maƙabartar Gwaram bayan sallar azahar. Ya bar 'ya'ya huɗu: Abdulsalami, Khuzaima, Na'ima da Lailatu. Allah Ya jiƙansa.

Babur ɗinsa ya faɗa rabon Lailatu, matar Zulkifli ɗan mai wannan rubutu. Suna zaune a Yalwan Damai, cikinta ya tsufa, kuma a kan babur ɗin za a kai ta asibiti a Birnin Kudu. Maƙwabta na nan suna caji a jikinsa. Har yau babu bakaniken da ya buɗe injin, don haka ba a san ko sabon koyil ne a ciki ko tsohon ba.