Farin Kofin Waya a Ƙirjin Kaka

Yau na yi wa jarrabawar lantarki kaca-kaca, wallahi! Amma tambayar ƙarshe a kan tangaran ce, yadda lantarki ba ya ratsa shi. Ina cikin rubutu marigayiya Kaka ta faɗo mini a rai.

Daminar da aka samu mulkin kai, bayan an sheƙa ruwa da tsawa, na tsinci farin kofin tangaran na kan sandar waya a gefen layin dogon Funtua. Sumul, sanyi ƙalau. Na kai gida ina taƙama.

Kaka na gani ta saki muciya. Ita a saninta aradu ke kwana a ciki.

"Maigida, kar ka motsa!"

Na tsaya cak. Ta lallaɓo, ta zare shi daga hannuna ta rungume a ƙirji.

"In za ta fashe, ta fashe a kan tsohuwa. Ruga!"

Daga bayan rumbu nake leƙe. Tana kwarara wa kofin nono, yadda ake yi wa wanda aradu ta faɗa wa, idonta a runtse, tana jira.

Allah Ya kai haske kabarinta, Ya tsaya mata yadda ta tsaya mini.