Haƙorin Makka a Kwamfutar Gwamnati

Da aka kawo kwamfuta ofishinmu na Treichville, inda hukuma ke raba wa 'yan kasuwa ɗakunan ajiya kusa da tashar jiragen ruwa, shef ɗinmu, wato shugaban ofis, ya ja mana kunne: duk abin da ya shiga cikinta ya zama na gwamnati. Na ce to. Ban san labari zai kai kunnen Kawu ba.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, mai sayar da shadda a Adjamé. A ganinsa kayan gwamnati na kowa ne, musamman shi. Wata rana ya sauko daga gbaka, motar haya, da hotonsa a aljihu, ya washe baki a ciki har kunne.

"Ɗana, an ce ordinatè ɗinku tana gyara hoto. Sa mini haƙorin Makka, zan aika gida Ƙonni."

"Kawu, ai ba ka je Hajji ba."

"Niyya tana nan. Kai dai sa."

Raina ya ɓaci, amma wa ya isa ya ce wa ƙanen uwarsa a'a? Da hutun rana na shigar da hoton, na ɗiga masa ruwan zinari a baki, na buga masa ya tafi. Don gaggawa, a dosiye, wato fayil ɗin rabon ɗakuna, na ajiye shi, na kuma manta.

Bayan wasu watanni 'yan kasuwa suka tayar da hankali, wai 'yan lele ake ba ɗakuna. Wa ke gaba? Kawu. Ya tsaya a ƙofar ofis yana ɗaga murya: "Takardun jama'a ne! A fito da komai, kada a ɓoye ko ƙyalle!" Shef ya fusata, ya sa sakatariyarsa ta buga duk abin da ke cikin dosiyen, aka liƙa a allon sanarwa. Injin buga takardun kuwa mai launi ne.

Washegari na tarar da taro a gaban allo ana ta ƙyaƙyata dariya. Tsakanin takardu ga Kawu, haƙori ya kai ƙwayar masara. Wani abokin cinikinsa ya riƙe masa hannu yana cewa, "Alhaji, yako, sannu da hanya! Yaushe aka sauka? Ina dabinonmu?"

Ni dai ban yi dariya ba. Matata na da tsohon ciki, kuma ban da aikin nan ba mu da komai. Shef ya kira ni gaban jama'a, ya tambayi wanda ya yi wa kayan hukuma wannan wasa. Kafin in buɗe baki Kawu ya shiga tsakani.

"Shef, ni na tilasta shi. A wurinmu yaro ba ya musu da kawunsa. In kora ce, ni za a kora."

"Ai kai ba ma'aikacinmu ba ne."

"To, ka ga ba wanda za a kora ke nan."

Shef ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ni aka ba ni takardar gargaɗi. Hoto kuwa, shef ya ce ba mai cire shi sai wa'adin sanarwa ya cika, tunda jama'a suka nema.

Tsokanar 'yan Adjamé ce ta kai Kawu Hajji na gaske da shekara ta zagayo. Da na je taryarsa na leƙa bakinsa, babu zinari.

"Kawu, ina haƙorin?"

Ya harare ni. "Wanda ka sa mini har yau yana ciwo."