Igiyar da Kare Ya Cinye

Har gobe ba zan manta da wata ranar kasuwar Magariya ba, zamanin soja, shekara biyu bayan babban fari. A lokacin dillancin kayan fata nake yi: linzami, ragama, igiyar shanu. Dukawan garin Waca ke yi mini, ni in sayar.

Ana saura kwana huɗu kasuwa, likitan dabbobi, Mushe Isufu (Mushe shi ne Malam a faransanci), ya zo rumfata. Yana da wani ƙaton kare da wani bature ya bar masa, kai ka ce maraƙi ne. Karen ya riga ya kashe ragon wani makiyayi, kumandan da ke mulkin garin kuma ya ce in ya sake kuɓucewa jandarma su harbe shi.

"Malam Habu, abin wuya nake so, da igiyar da ba ta tsinkewa."

Na ce, "Mushe, igiyata bijimi take riƙewa. Kare ne zai gagare ta?"

Ga yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Sabuwar igiyar fata tauri gare ta, sai an shafe ta da man shanu, an murza, an rataye kwana uku ta sha. Haka na gada. Don in faranta wa likita, tasa har sau biyu na shafa mata. Jajibirin kasuwa ya zo ya karɓa.

Ranar kasuwa da hantsi sai ga shi a kan ɗan babur ɗinsa mobilet, gumi sharkaf. Ya jefo mini guntuwar igiya, ba ta fi taƙi ɗaya ba, jiƙe da yawu. Ya ɗaure karen a gindin itace ya shiga biro, wato ofis, kafin ya fito karen ya cinye sauran ya gudu.

"Ga mai riƙe bijimin naka!"

Muka bazama. Muka duba wajen mahauta, babu. Bakin rijiya, babu. A kara, kasuwar dabbobi, tumaki sun cika maƙil, makiyaya kowa da sandarsa, ga wani jandarma ya rataya bindiga yana tambayar inda aka ga karen ya bi. Mushe sai kiran sunan karen yake. Ni kuwa ina ta leƙa kowane lungu.

Can na tsaya cak. Wanda ya ɗanɗani mai, mai zai nema. Na ce, "Mushe, juya mu je gidana."

A zaure muka sami karen kwance, ya saukar da igiyoyin da na rataye su sha mai, yana tauna ta uku. Jandarman na tafe a bayanmu. Ni da ban taɓa kai hannu jikin kare ba, na warware rawanina na zarga masa a wuya, na riƙe da hannu biyu.

Jandarma ya leƙo. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ɗaure yake." Ya dube ni, ya dubi rawanin, ya yi dariya ya tafi.

Washegari na sa maƙeri ya ƙera sarƙa. Abin wuyan kuma na sa aka yi shi da faɗi, busasshe ƙarau. Da hannuna na auna, na bar wurin yatsa biyu kada ya shaƙe shi, sannan na je na wanke hannun.

Tun daga ranar, duk wanda ya zo sayen igiya ba na fara tambayarsa ƙarfin dabbarsa. Sai na fara jin abin da take ci.